Tafiya Gida A Bazara: Wa Zai Riƙe Auta?

 Da fatan jarrabawar ƙarshen zango ta zo da sauƙi. 'Yan aji shida kuwa sai dai in ce sannunku, don na san ku a bakin mutane kawai za ku ji labarin hutun nan. JAMB da WAEC suna bakin ƙofa. Allah Ya ba da sa'a.

Cikin saƙonnin da suka shigo makon nan akwai na wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare, wadda ta roƙi kada in faɗi sunanta. Kukanta shi ne, duk hutun da ya haɗu da Sallah sai iyayenta sun kwashe su zuwa garinsu. Ita ce babba, ƙannenta uku, ƙaramin bai cika shekara biyu ba. A mota a cinyarta ake ɗora yaro, a jikinta yake amai. In an isa kuma ita ce goyo, ita ce wankin kayansa, ga zafi, ga rashin wuta, waya ma sai ta hau tudu take samun sabis. Ƙawayenta suna birni suna hutawa. Abin da take nema a wurina shi ne dabarar da za ta yi bana a bar ta gidan ƙanwar mahaifiyarta.

Ƙanwata, ba zan ba ki wannan dabarar ba. Amma kuma ba zan ce rigima ce kawai irin ta 'yan mata ba, don ni ma 'yar fari ce, kuma cinyata ta san nauyin yaro daga Kaduna har bayan Kazaure. Akwai wahala, wahala ta gaske. Sai dai ina so in ba ki labarin wata tafiya da muka yi, wataƙila ki kalli wannan cinyar taki da wani ido daban.

Kafin labarin, bari mu fara da lokacin kansa, don shi ne tushen matsalar.

A littattafan Turancin da kuke karantawa, watannin Maris, Afrilu da Mayu lokaci ne na furanni da iska mai daɗi, lokacin da mutanen Turai suke fitowa daga ƙangin sanyi su ɗebi yara su tafi shan iska. Mu nan waɗannan watannin su ne bazara. Hunturu ya kwashe ƙurarsa ya tafi, damina ba ta sauka ba, rana kuma ta samu fili. A Kano, Katsina, Sakkwato da Maiduguri ba abin mamaki ba ne zafi ya haura digiri 40 da tsakar rana a watan Afrilu. Rijiyoyi sun yi ƙasa, kududdufai sun ƙafe, dabbobi sun rame. A daidai wannan lokacin ne kuma ake ba da hutun zango na biyu.

Sannan ga Sallah. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, ta bature kuma 365, don haka kowace shekara Sallah tana matsowa baya da kamar kwana 11. Ƙaramar Sallah ta 2023 ta faɗo ranar 21 ga Afrilu, ta 2024 ranar 10 ga Afrilu, ta 2025 kuma ranar 30 ga Maris. Yayin da take ficewa daga bazara tana nufar hunturu, Babbar Sallah na biye da ita a baya da wata biyu da kwana goma, tana shigowa. Ku ɗauki biro ku lissafa da kanku, za ku ga cewa har ku gama sakandare, har wasunku su gama jami'a, tafiya gida da Sallah cikin zafi ba za ta rabu da ku ba. Sai an yi kamar shekara 33 kafin abin ya zagayo inda ya faro. Zagayen da ya wuce shi ne ya same ni.

A 1997 Babbar Sallah ta zo tsakiyar Afrilu. Ina aji uku na ƙaramar sakandare. Muna zaune a Kaduna, Baba yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, amma asalinmu wani ƙauye ne tsakanin Kazaure da Daura. Dokar gidanmu ita ce ba a yanka rago sai a ƙofar gidan kaka. Baba ya riga mu tafiya da kwana uku don ya nemi ragon. Mu aka bari da Inna: ni, ƙanwata mai shekara takwas, ƙanena mai shekara biyar, sai Auta da aka yaye bai fi wata biyu ba.

Shirinmu shi ne mu fita da asuba. Tela ne ya ɓata mana. Ya yi alkawarin ɗinki tun mako guda, amma sai da Inna ta je ta zauna masa a shago da sassafe sannan ya haɗa rigar ƙarshe. Ba mu isa tasha ba sai wajen ƙarfe goma, motar kuma ba ta cika ba sai da rana ta take. Doguwar fijo ce mai layi uku. Mu aka tura can baya, inda rufi yake taɓa kai kuma gilashi ba ya buɗewa. Inna ta ɗora mai shekara biyar a cinya, ƙullin tsaraba a ƙafafunta. Ni aka miƙo wa Auta.

Tun daren jiya Auta yake ɗan zawo. Maƙwabciyarmu ta duba shi ta ce haƙori ne, kowa kuma ya yarda. Kafin Zariya ya yi amai sau biyu, ɗaya a kan sabon mayafina. Haushi ya cika ni. Ya yi ta kuka, ina jijjiga shi ina hararar taga. Muna dab da Kwanar Dangora motar ta fara hayaƙi, direba ya gangara gefen titi ya buɗe gabanta. Babu bishiya kusa sai wata 'yar aduwa da ba ta da inuwar kirki. Maza suka fita. Mu na baya muka zauna a ciki, don fitarmu sai an sauke kujera an kwashe kaya, kuma direban ya ce yanzun nan za a tashi. Yanzun nan ɗin ya fi awa guda.

Can sai Auta ya yi shiru. Ya lafe a ƙirjina. Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina, alhamdu lillahi, ya yi barci na huta.

Wata dattijuwa ce a layin tsakiya ta juyo ta ƙura masa ido. Ta ce, "Ke 'yar nan, ɗago min fuskarsa." Na ɗago. Ta ce, "Yaushe rabonsa da fitsari?" Na kalli Inna, Inna ta kalle ni. Tun kafin mu bar Kaduna. Matar ta miƙo hannu ta tsunkuli fatar cikinsa ta saki, fatar ta tsaya a tattare kamar tsohon zane, ba ta koma ba sai a hankali. Idanunsa sun zurma, leɓɓansa sun bushe. Ta ce wa Inna, "Baiwar Allah, wannan ba barci ba ne. Ruwan jikinsa ne ya ƙare."

Ita ta daka wa direba tsawa aka sauke kujera. Ita ta aiki wani saurayi wajen mai shayi da ke can gaba, ya zo da tafasasshen ruwa da sukari da gishiri da cokali. Ta fifita ruwan, ta haɗa, ta ba ni cokalin ta ce in riƙa ɗiga masa kaɗan-kaɗan ba tsayawa, in ya yi amai in jira jim kaɗan in ci gaba. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, an koya mana wannan haɗin a makaranta. Na rubuta shi a jarrabawa na ci. Amma yaron yana cinyata awa uku, ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba, don hankalina yana kan mayafina.

Ba mu wuce Kano ba ranar. Daga tasha asibiti muka nufa, aka yi masa ƙarin ruwa, muka kwana biyu, ni da sauran yaran a gidan Gwaggo. Lokacin babu wayar hannu, sai 2001 ta shigo ƙasar nan. Baba ya kwana a bakin titi yana leƙa duk motar da ta rage gudu. Ba mu shiga garinmu ba sai yammacin ranar Sallah, an sauko Idi, an yi yanka, har an fara suya. Kaka tana hango Auta a bayan Inna sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Dattijuwar nan kuwa ko sunanta ba mu tambaya ba. A tashar Kano ta ɗauki kwandonta ta shige cikin mutane.

To ƙanwata, kin ga abin da nake nufi. A mota Inna tana fama da kaya da kuɗin mota da sauran yara, Baba in yana nan yana gaba kusa da direba. Wanda yake jin numfashin yaron, wanda zai fara sanin jikinsa ya yi zafi ko ya saki, shi ne wanda yaron yake cinyarsa. Ke ce. Tunda haka ne, gara ki san abin da za ki duba.

Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, ya kuma fi saurin rasa ruwa, ga shi ba ya iya cewa yana jin ƙishirwa. Kada ki jira ya nema. Ki riƙa ba shi ruwa mai tsabta akai-akai tun daga tasha. Jaririn da bai kai wata shida ba shi kam nono kaɗai ya ishe shi, ko a bazara, sai dai a ƙara yawan shayarwa, uwar kuma ta sha ruwa sosai. Alamomin da za su sa ki ta da hankalin kowa a motar su ne waɗanda dattijuwar nan ta duba: rashin fitsari na tsawon sa'o'i, zurmawar ido, bushewar baki, kuka ba hawaye, faɗawar maɗiga ga jariri, da yaron da ya yi laƙwas ba ya kula kowa. Maganar haƙori kuma ku yi hattara da ita. Fitowar haƙori kan sa yaro ƙiwa da dalalar da miyau, amma zawo mai ruwa-ruwa ciwo ne, ko da haƙori ko babu, kuma a zafi irin wannan yini ɗaya ya isa ya kwantar da yaro.

Kafin ku tashi, ki roƙi Inna ta sayi ƙunshin ORS biyu ko uku a kemis, garin nan na ruwan gishiri da sukari. Ba shi da tsada, kuma ba ya cin wuri a jaka. Ki karanta jikin takardar: mafi yawansu ana zuba ƙunshi ɗaya ne a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ledar fiya wata rabin lita ce, don haka leda biyu ke nan. In babu ƙunshin, haɗin gida shi ne lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin na gishiri. A shafe na ce, ba a tula ba. Gishiri in ya yi yawa shi ma illa ne, shi ya sa na kemis ya fi. Abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Wannan ruwan ba ya maye gurbin asibiti. Yaron da ba ya iya haɗiya, ko yake amayar da komai, ko aka ga jini a bayan-gidansa, ba a ci gaba da tafiya da shi, asibiti mafi kusa ake nema.

Na ce kaka ta zauna a ƙasa tana kuka. Akwai dalili. Shekarar da ta gabaci wannan, wato 1996, sanƙarau ya yi ɓarnar da tsofaffi ba su manta ba har yau. A Najeriya kaɗai ya kama mutum sama da 100,000, ya kashe sama da 11,000, mafi yawansu a Arewa. Kaka ta ga an fita da yara daga gidajen maƙwabta, don haka da muka kwana biyu ba labari, zuciyarta can ta tafi. Yankinmu yana cikin wani ɗamarar ƙasa da ya taso daga Senegal har Habasha, inda wannan cuta take tashi a lokacin rani, ta lafa in ruwa ya sauka. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana hanci da maƙogwaro, cunkoso a ɗaki marar taga kuma yana sauƙaƙa wa ƙwayar cutar tsallakawa daga wani zuwa wani. Ku tuna yadda ake kwana a gidan kaka ranar jajibiri: jikoki goma sha biyu a ɗaki ɗaya. An samu ci gaba sosai tun daga lokacin. Allurar rigakafin nau'in da ya fi yin annoba a da ta shigo Najeriya a 2011, sannan a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar. Amma cutar ba ta ƙare ba. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, ƙin haske, jijjiga, ko kumburin maɗiga ga jariri, duk ba abin da za a ce bari a ga safiya ba ne.

Baƙon dauro ma lokacinsa ke nan. Akwai wani ɗan aiki da kowane ɗan sakandare zai iya, wanda iyaye da yawa ba sa samun sukunin yi: ka ɗauko katin rigakafin ƙanenka ka karanta. Ana yin allurar ƙyanda a wata tara, a sake a wata goma sha biyar. In ka ga gurbi a katin ka nuna wa Inna tun kafin tafiya. A asibitocin gwamnati kyauta ake yi. Katin kuma a sa shi a jakar tafiya.

Sauran maganar hanya ba ta da yawa. Ku fita da asuba, ko da tela bai gama ba, ɗinki ya biyo ku. In mota ta tsaya, a fito da yara inuwa ko da direba ya rantse minti biyu ne. Kada a taɓa barin yaro a rufaffiyar mota, kuma in kun isa a kulle motar Baba ko ta Kawu, don yara kan shiga wasa ƙofa ta rufe da su, an sha rasa rayuka ta haka. In motar gida ce yara a baya suke zama, ba a cinyar na gaba ba. Mai yawan amai kada a cika masa ciki da maiƙo kafin tashi, kada a ba shi waya ya sunkuya a kai, a ajiye leda da tsumma kusa. A tasha kuma, musamman in za ku sauya mota a Kano inda mutane suke kamar ƙasa, hannun yaro ba ya barin hannunki. Ki rubuta lambar Baba a 'yar takarda ki sa masa a aljihu. Mai shekara huɗu zuwa sama a koya masa cikakken sunan mahaifinsa da sunan unguwarsu, don yaron da ya ɓata in aka tambaye shi sunan babansa, "Baba" zai ce. Lambar jami'an kiyaye haɗurra ta FRSC ita ce 122, ku adana ta.

Yanzu bari in juyo kanku samari, don na san kuna karantawa kuna cewa wannan zancen mata ne. A wace aya aka ce? Na sha ganin saurayi ɗan aji biyar ya toshe kunne da abin jin waƙa a gefen taga, ƙanwarsa 'yar shekara goma tana fama da goyo da jaka. Cinyarka ta fi tata ƙarfi. Ka karɓi yaron daga Zariya zuwa Kano, ta huta. Ke kuma mai saƙo, wannan ita ce dabarar da zan iya ba ki: ki samu Inna cikin ladabi tun kafin ranar tafiya, ba a tsakiyar haɗa kaya ba, ki ce a raba aikin. Mai bi miki ya riƙe jakar ruwa da hannun na ukun. In an isa, a ba ki lokacinki bayan la'asar. Iyaye sukan ɗora wa 'yar fari kaya ba don mugunta ba, sai don ba ta taɓa cewa ya yi nauyi ba.

To in haka wahalar take, me ya sa iyayenmu suka nace? Me zai hana a tura wa kaka kuɗi ta waya a gaishe ta ta bidiyo?

Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, kuma ban fahimci maganar ba sai da kaka ta rasu. Shekara biyu bayan rasuwarta muka daina zuwa. Kowa ya ce aiki, kowa ya ce hanya. Yau akwai 'ya'yan kawunnaina da zan iya wucewa a kasuwa ban gane su ba. Waɗanda na sani, waɗanda zan iya kira da tsakar dare, su ne waɗanda muka kwana tabarma ɗaya da su a tsakar gidan kaka, muna ƙirga taurari saboda ɗaki ba ya shiguwa don zafi.

Kuma ƙauye a bazara yana da abin kallo in kin ajiye wayar. Lokacin mangwaro ne, lokacin da ɗorawa take nuna, yara suna yawo baki duk gari rawaya. Manoma suna sharar gona suna kai taki a kan jakuna da amalanke, kowa yana kallon gabas. Ki lura da gawo. Duk itatuwa sun zubar da ganye ko sun yi yaushi, shi kuwa a lokacin yake kore shar, sai damina ta sauka sannan ya kaɗe nasa. Shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona: ba ya tare wa gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin awaki ne a lokacin da babu ciyawa. Malamin aikin gona zai faɗa muku wannan a allo, amma a gonar kakanku za ku taɓa shi da hannu. In kun yi sa'a kuma hadarin farko ya same ku a can, da guguwarsa da ƙamshin ƙasa, za ku ga yadda gari guda yake fitowa waje.

Ga kuma abubuwan da ba a yi sai a can. Tsarabar da Inna take ƙullawa, burodi da sukari da ganyen shayi da sabulu da turmin atamfa, da yadda kaka take rarraba ta gida-gida har sai kowa ya san 'yan birni sun iso. Wasan kaka da jika, inda take kiran Auta maigidanta tana yi masa gorin ya zo ba kuɗin cefane, ni kuma ta ce kishiya ta zo ƙwace mata miji. Lallen jajibiri da kitso. Yawon Sallah, ku jera ku gaida kowane tsoho a dangi, a ba ku barka da Sallah, ku zauna a zaure kuna lissafi. A nan ne ake gane wane ne wane, wace gwaggo ce ta goyi Baba, wane kawu ne ya kai shi makaranta. In garinku yana kusa da Daura, ku roƙi a kai ku rijiyar Kusugu ku ga inda labarin Bayajida da kuke karantawa ya faro. In kun biyo ta Kano kuma ana hawa, wannan hawan Sallar da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a ƙarshen 2024, ku kalla daga nesa in kuna tare da ƙanana. Doki ba ya sanin yaro, turmutsutsu ma haka.

Ƙannenki ba za su tuna yawancin wannan ba. Mai shekara biyu ba ya riƙe komai. Ke ce za ki riƙe musu. Ki zauna kusa da kaka da daddare ki tambaye ta sunan mahaifiyarta da na kakarta, daga ina suka zo, wace shekara aka yi yunwa, yaya aka yi aurenta. Wayar da ba ta da sabis tana iya ɗaukar murya. Ni ba ni da muryar kakata ko ta minti ɗaya, kuma da za a sayar mini da na saya ko nawa ne.

A can ɗin ma idonki yana kan yara, ba makawa. Yaron birni bai san rijiya ba, kuma rijiyoyin ƙauye da yawa ba su da murfi. Ruwan da 'yan gari suka saba da shi yana iya ɓata cikin baƙo, don haka na ƙanana a tafasa, a yi shi ba tare da yatsina ba. Zafi yana fito da kunama, a kakkaɓe takalmi da shimfiɗa kafin a yi amfani da su, kada a bar yaro ya tura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse. In za a kwana a waje a ɗaura gidan sauro. Ranar suya a nisanta masu rarrafe da kaskon mai.

Abu ɗaya kuma da nake roƙonku, ku 'yan birni: ku bar wa birni iyayinsa. Kada ka tsaya kana gyara wa ɗan kawunka Turanci, ko kina toshe hanci a bakin turke. Yaron nan da kake gani ba takalmi ya san sunan kowace bishiya a dajin, ya iya jan guga daga rijiya mai gaba ashirin, ya san hadarin da zai zubar da wanda zai wuce. Ka bi shi kiwo yini ɗaya ka gani ko za ka kai azahar.

Ranar komawa kaka takan cika mana buhu da gero, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da ƙuli-ƙuli, wani lokaci har da zabuwa a ɗaure, wadda ita ma a ƙafafuna take ƙarewa. A waccan shekarar ta rako mu har bakin titi, abin da ba ta saba ba. Ta karɓi Auta daga hannun Inna, ta tofa masa addu'a, sannan maimakon ta mayar wa Inna sai ta miƙo mini shi. Ta ce, "Kishiya, ga mijina nan. Ki kai min shi lafiya."

Auta yanzu 'ya'yansa uku. Da na gaya masa zan rubuta wannan labarin, cewa ya yi in tabbatar na faɗa muku har yau bai biya ni mayafina ba.

Wanda ya yi tafiya a hutun nan ya rubuto mana abin da ya gani, musamman sunayen itatuwa da wasannin da babu su a birni. Za mu buga waɗanda suka fi a makon farko na komawa makaranta, in Allah Ya kai mu.